Azumin Shuɗin Duro

Bana azumi ya sake faɗowa cikin zafi. Yau kwana goma sha ɗaya famfon gidanmu da ke unguwar Maamobi bai ɗiga ba. In ka murɗa shi sai ya yi tari, ya huro iska mai ɗumi, ya yi shiru. Tun hantsi kwanon rufin ɗakina yake fara ƙara, kafin azahar bango ya ɗau zafi har ba a jingina da shi. Ina zama bakin ƙofa ina fifita da guntun kwali, ina kallon matan haya suna fita da galan rawaya suna dawowa da gumi har cikin ido. Ni gwiwa ta hana ni fita yanzu. Duk wadda ta tuna da ni takan zuba mini rabin galan ta wuce.

Ranar Talata ma'aikatan tsafta, waɗanda muke kira tankas, suka shigo gidan su uku. Suka leƙa kowane mazubin ruwa. Da suka zo kan shuɗin duron robar da ke gefen ƙofata, wata budurwa a cikinsu ta duƙa ta duba gindinsa, ta shafa masa jan fenti, ta ce ranar Alhamis za su dawo su tafi da shi. Ban yi musu ba. Bayan sun fita na ƙirga da yatsa, sai na ga shekara talatin da uku ke nan, wata ya zagayo ya kawo azumi daidai lokacin da ya same ni a shekarar da duron nan ya shigo gidan.

A wancan lokacin shekarata ta biyu ke nan a Accra, wadda mu muke kira Ankara. Daga wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi mijina, Malam Idi, ya kawo ni. Can ƙasar fari ce, amma muna da rijiya, muna da randa a ƙarƙashin rumfa, ban taɓa kwana da ƙishirwa ba. Sai da na zo garin da ke bakin teku na san ƙishirwa. Malam Idi lebura ne a wata masana'anta can wajen Tema. Yana sallar asuba ya fita, sai bayan isha'i ya dawo. Ba na jin Twi, ba na jin Ga, Hausar zango ma da farko sai na kasa kunne sosai kafin in gane. Mutum ɗaya nake da ita a duk gidan: Fuseina, Badagomba, mai sayar da koko a bakin lungu. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya a makaranta. Ba ta bambanta mace da namiji a magana, "kai" take ce mini, kuma Adiza take kirana maimakon Hadiza. Ita ta koya mini hanyar kasuwa, ita ta koya mini tuƙa banku, tuwon mutanen nan. Da cikina ya fito, ita ce ta fara ganewa kafin ni kaina in tabbatar.

Ruwa ya ɗauke ana saura mako biyu a kama azumi. Da farko mun ɗauka na kwana biyu ne. Sai mako ya wuce. Babban kwalbatin da ya raba unguwar Nima da Maamobi ya kafe ya koma baƙin taɓo, warinsa ya hau har cikin ɗakuna. Iskar teku da ake cewa tana kaɗawa a cikin gari ba ta isowa lungunanmu. Sama fara fat, ko gajimare ɗaya babu.

Aka ce akwai wani gida a Alajo, can gangare, da famfonsu bai daina zuba ba. To, haka ranakunmu suka koma. Da an sallame asuba mu naɗa gammo, mu ɗau daro, mu bi sawun juna mu bakwai ko takwas. A can mu tarar da layin daro ya miƙe har bakin titi. Ruwan siriri yake zubowa kamar zare. Mu zauna kan duwatsu, babu mai yawan magana saboda bakin kowa a bushe yake. Kafin a zo kanmu rana ta take. Dawowar ce wahala: hawa ne, ruwa yana tangaɗi a ka, yana zubo miki ta wuya, ki ji sanyinsa a ƙirji alhali ba halin ki lasa. Fuseina takan sa ganye a saman darona don kada ya yi ta fantsama. In mun iso gangaren ƙarshe sai ta sauke nata, ta karɓi nawa ta hau da shi, ta dawo ta ɗau nata.

Cikina wata bakwai a lokacin. Malam Idi ya ce in ajiye azumi, addini ya ba ni dama. Na ƙi. Kowa a gidan yana yi, kuma azumin ne kaɗai abin da nake yi daidai da yadda ake yi a gidanmu can. In na ji kiran magariba nakan ce yanzu Inna ma tana kai ƙwarya baki.

Daro ɗaya shi ne na sha, na girki, na alwala, na wanka. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi za a wanke kwanuka, na kwanuka a yayyafa a tsakar gida. Na koyi yin alwala da abin da bai cika kofi ba.

Ranar azumi na shida Malam Idi ya dawo da wuri, tun kafin la'asar, yana tura amalanke da wannan shuɗin duro a kai. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Daga tashar mota ya turo shi, da azumi a bakinsa. Ya kai shi bayan gida ya ɗan jima, sannan ya mirgino shi ƙofar ɗakinmu.

Ya ce, "Hadiza, kin daina zuwa Alajo. Motar ruwa tana zuwa bakin titi duk mako. Masu babban mazubi su ke morewa. Yanzu ke ma kina da shi."

Ban taɓa mallakar abu mai girma haka ba. Matan gida suka zagaye shi suna bubbugawa suna jin amonsa. Da aka buɗe murfin, wani wari ya taso, ba na ruɓa ba, wari mai zaƙi-zaƙi kamar an haɗa fenti da alewa, yana tsayawa a can ƙarshen maƙogwaro. Malam Idi ya ce na kayan aikinsu ne, wanki zai fitar da shi. Kwana uku muna wanki. Muka sa sabulu da soso, muka sa toka, muka matse lemun tsami, muka zuba gawayi muka rufe ya kwana, muka kifa shi a rana. Warin ya ragu. Bai tafi ba.

Ranar da motar ruwa ta zo, duk matan gidan suka jeru daga bakin titi har cikin lungu, ana miƙa daro hannu da hannu, ana dariya, yara suna tsalle a cikin abin da ya zube. Duro ya cika har baki. Na tsaya ina kallon fuskata a ciki. Washegari da na ɗaga murfi sai na ga wani abu siriri yana yawo a saman ruwan, mai launi-launi kamar in kananzir ya zuba a kududdufi. Na sa ƙoƙo na yaye shi na zubar. Kullum da safe haka nake yi.

Na ce kowa ya ɗiba, kowa kuwa ya ɗiba. Fuseina ce kaɗai ba ta zo ba. Da asuba na ji ƙarar daronta, ta fita Alajo ita ɗaya. Da yamma na cika bokiti na kai mata ƙofa, tana tace gasarar koko.

Na ce, "Yaya Fuseina, ga ruwa. Me zai kai ki Alajo ga shi a gida?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na gode. Mai da shi."

"Don me?"

Sai ta ajiye matacin, ta dube ni. "Adiza, ruwan nan shi na da wari. Kar ka sha. Ka yi wanki da shi, ka yi wanka, amma kar ka sha. Ni zan kawo maka na sha."

Akwai mata biyu a tsakar gida suna ji. Na tuna Malam Idi da jiƙaƙƙiyar rigarsa yana tura amalanke a rana. Abin da na faɗa, har yau ina jin sa a bakina.

Na ce, "Ai dole ya yi miki wari, tunda ke ba ki da mai kawo miki."

Ta ɗau matacinta ta ci gaba da aiki. Na ɗauko bokitina na dawo.

Daga ranar babu abin da ke haɗa mu sai sallama. Sauran azumin ni kaɗai na yi shi. Malam Idi a wurin aiki yake buɗa baki. Tun la'asar nakan shiga ɗaki in kwanta a kan tsurar siminti saboda ya fi tabarma sanyi, in ji ɗan cikina yana motsi, in yi masa magana da Hausar gida. Ta bango nakan ji Fuseina tana suyar ƙosai, ƙanshin yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Da can ita take aiko mini da na farko. Ta aiko sau biyu bayan faɗan, na mayar. Ba ta sake ba.

Da an kira salla nakan sha kofi uku a jere kafin in taɓa abinci. Ruwan yana da ɗumi, yana barin wani maiƙo a harshe. In sha bayan magariba, in sha bayan isha'i, in sha a sahur har cikina ya ɗaure, don ina shan na mutum biyu ne. Kaina yakan yi ciwo, wani lokaci leɓena ya yi kamar ba nawa ba. Na ce zafi ne da azumi. Yaran gidan sun yi gudawa, amma yaran duk unguwa suna yi a wannan lokacin, har waɗanda ba su san duronmu ba.

Ana saura kwana uku Salla hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta fara ɗaga ledoji sama, kwanon rufi yana kaɗawa, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk gidan aka fito da daro da tukunya da bokiti aka tara a bakin indararo. Masu azumi suna tsaye cikin ruwan, baki a rufe, fuska a sama. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya danne warin kwalbati. Ni ma na fito na tsaya, zanena ya manne a jiki. Na dafa cikina don in ji ko shi ma ya ji sanyin. A nan na tuna tun jiya da azahar bai motsa ba.

Ban san na yi ƙara ba. Na dai ga Fuseina ta yar da daronta ta nufo ni. Ita ta kai ni asibiti a cikin ruwan, ta riƙe ni ta kwankwaso muna tsallake kwatoci. Ranar jajiberi na haife shi. Namiji ne, cikakke, har da gashi. Bai yi kuka ba. Na tambayi ungozomar me ya jawo, ta ce abubuwa da yawa kan jawo: ɗaukar kaya, zafi, rashin ci, zazzaɓi, wani lokaci kuma ba a sani ba. Malam Idi da maza biyu suka kai shi da safiyar Salla, mutane suna wucewa filin idi da sababbin kaya.

Ko babu jariri, mai jego sai ta yi wanka. Bayan ruwan saman nan fari ya dawo, famfo bai dawo ba. Kwana arba'in Fuseina tana zuwa Alajo sau biyu, ɗaya nata, ɗaya nawa. Ta samo wata ƙaramar randa ta ajiye a ɗakina, ta ce daga nan zan riƙa sha. Ita ke tafasa ruwan wanka, ita ke gasa mini jiki da tawul. Ko sau ɗaya ba ta ambaci duro ba. Ni ma ban ambata ba. Nakan buɗe baki in ce wani abu, sai in ce, "Sannu da aiki."

Da shekara ta zagayo warin ya ɓace, abin da ke yawo a sama ma ya daina fitowa. Muka ci gaba da amfani da duron. Ban sake samun ciki ba. Ɗan Fuseina ya girma ya samu aikin tuƙi, ya ɗauke ta suka koma wata unguwa da ake kira Malam. Mukan haɗu a suna ko zaman makoki, mu gaisa da kyau, mu rabu. Malam Idi ya rasu shekara tara da suka wuce. Mutanen da suka jeru suna miƙa daro a waccan ranar, babu ko ɗaya da ya rage a gidan.

Ranar Alhamis tankas suka dawo kamar yadda suka ce. Budurwar nan 'yar Nima ce, tana jin Hausa. Ta durƙusa ta gaishe ni, na ba ta kujera.

Na ce, "'Yata, me duron nan ya yi muku? Ya girme ki."

Ta yi murmushi. Ta ce doka ce aka ƙarfafa yanzu: duk mazubin da aka taɓa zuba sinadarin masana'anta a ciki, ba a yarda a ajiye ruwan sha a cikinsa ba. Masu motocin ruwa da masu rijiyar burtsatse ma, sai an ɗebi ruwansu an kai gwaji. Ta nuna mini wasu lambobi da aka buga a jikin robar can ƙasa, ta ce su suka nuna mata na masana'anta ne.

Na ce, "An wanke shi. Kwana uku ana wanki. Kuma na jarirai ana tafasawa."

Ta ce, "Mma, tafasawa ƙwayar cuta take kashewa. Wannan ba mai rai ba ne balle ya mutu. Mutum ne ya haɗa shi. Wani irin yana shiga cikin robar kanta, ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. Wani ma ba wari, ba ɗanɗano."

Abokan aikinta suna jiranta a zaure. Na tambaye ta abin da ban taɓa tambayar kowa ba.

"Yana iya kashe ɗa a ciki?"

Ta dube ni sosai, murmushin ya tafi. "Wasu suna cutar da mai ciki, Mma. Amma ba zan ce miki shi ne ba, ba zan ce ba shi ba ne. Sai na san me aka zuba a ciki. Babu takarda a jikinsa lokacin da aka kawo?"

Na ce ban ga takarda ba.

Suka kwantar da shi suka mirgina shi waje. Na ji amonsa yana bugun duwatsun lungu har ya yi nisa.

Ranar Asabar na ɗaure gwiwata da ƙyalle na hau trotro, motar haya, zuwa unguwar Malam. Na samu Fuseina a baranda, ta rame, farar yana ta rufe idanunta duka biyu. Da na yi sallama ta ɗaga kai.

"Adiza? Kai ne? Wa ya mutu?"

Na ce babu wanda ya mutu. Na zauna a gefen tabarmarta na gaya mata zuwan tankas, da abin da budurwar ta ce. Sannan na ce, "Yaya, kin faɗa mini gaskiya na mayar miki da baƙar magana. Shekara talatin da uku ina so in ce ki yafe mini."

Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

Ta ce, "Ba ka san komai ba, Adiza. Ni ne zan roƙe ka. Ranar da Malam ya kawo duro, na zagaya bayan gida zubar da ruwa. Na gan shi da wuƙa shi na kankare takarda. Akwai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙashi biyu. Na san hoton nan, irin shi ne a kwalbar maganin da wana yake fesa wa auduga a gida."

Ta ci gaba.

"Na ce, Malam, wannan fa? Ya ce babbansu ya ce in an wanke shi ke nan, kowa na ɗauka. Ya ce, don Allah Fuseina, kar ka tsorata mai ciki, ta gaji da hanyar Alajo. Na ji kunyarsa. Sai na ce maka wari. Wari kawai na ce. Da na ce maka na ga ƙashin kai, da ba ka sha ba."

Hawaye suna fita daga fararen idanunta. Na nemi fushi a cikina, a kanta ko a kansa, ban samu ba.

Ta ce, "Shi ma ya sha?"

Na ce, "Ya fi kowa sha. Har ya rasu bai taɓa shan na randa ba."

Muka zauna hannuna a cikin nata. Ta ce ta yafe, na ce na yafe. Surukarta ta ce in tsaya a sha ruwa tare, Fuseina ma ta ce in kwana. Na ce ban rufe tagar ɗakina ba. Gaskiyar ita ce ina so in kasance ni kaɗai da abin da na ji.

A hanyar dawowa cunkoso ya tsare mu kafin unguwar Kaneshie. Motoci sun tsaya cak, hayaƙi yana shigowa ta taga, rana ta yi ja a bayanmu. Can daga wani masallaci da ba na gani na ji kiran magariba. Ba ni da ko dabino ɗaya a jaka. Mutumin da ke kusa da ni, mai farar riga irin ta ma'aikatan ofis da ƙaramin gicciye a wuya, ya dubi carbin da ke hannuna. Ya leƙa ta taga ya kira mai tallan ruwan leda, ya karɓi ɗaya ya miƙo mini da hannu biyu.

Ledar tana da sanyi, tana zufa a tafin hannuna. Akwai shuɗin rubutu a jikinta, da wani hatimi, da lambobi. Ban yi boko ba. Da ɗan Twi ɗin da nake ji na roƙe shi ya karanta mini. Ya karɓa, ya ɗaga ta wajen sauran hasken, ya karanta sunan, da inda aka yi, da lambar rajista.

Na ce, "An gwada shi?"

Ya sake dubawa, ya juya ledar baya, ya juyo ta.

Ya ce, "Haka suka rubuta, Mma."

Na yi bismillah, na ciji kusurwar ledar, na sha.